Da Wane Harshe Ya Kamata Yaro Ya Fara Karatu?

Ran Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, mutum ya kan ji harsuna iri iri a kara ɗaya. Ga Fulani da shanunsu, ga Buzaye da raƙuma daga ƙasar Nijar, ga fataken Kudu da suka zo lodin dabbobi a manyan motoci. Amma in an zo ga ciniki, Hausa ce ke raba gardama. Da ita a ke tayawa, da ita mai dabba ke cewa albarka, da ita kuma a ke sallamawa. Babu dillalin da zai yarda ya sa hannu cikin cinikin da a ke yi da harshen da ba ya ji, don ya san rigimar da za ta biyo baya.

To, a ce ɗaya daga cikin dillalan nan yana da ɗa ɗan shekara huɗu. Da safe a kan sa wa yaron kayan makaranta, a rataya masa 'yar jaka, a kai shi makarantar renon yara, wadda a ke kira nazare, inda zai yini yana rera sunayen baƙaƙen Turanci. Da la'asar ya ɗauki allonsa ya tafi wurin malam, a biya masa da Larabci. Da dare ya kwanta jikin kakarsa, ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Hausa. Watau harsuna biyu a ke koya masa baƙaƙensu, ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu, harshen da ya ke ji kuwa ba wanda ya nuna masa yadda a ke rubuta shi. Uban da ba zai sayi akuya da harshen da bai sani ba, shi ne ya sa ɗansa ya fara neman ilmi da harshen da bai sani ba, yana kuma biyan kuɗi a kan haka. Tambayar ita ce, shin an yi wa yaron nan adalci?

Kafin a amsa, sai an san abin da a ke nufi da karatu, domin kalmar nan a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Wanda ya hardace sura yana biyawa an ce yana karatu. Wanda ya buɗe wasiƙa yana duba abin da ɗan'uwansa ya aiko masa daga Kano shi ma an ce yana karatu. Alhali kuwa ayyukan biyu ne. Mai duba wasiƙa dole ya iya mai da baƙi ya zama sauti, sa'an nan ya ji abin da sautin ke faɗi. In ɗaya ta ɓace, wasiƙa ba ta isa ba. Yaron da ya iya rera baƙaƙen Turanci ishirin da shida daga farko har ƙarshe bai sami ko ɗaya daga cikin biyun ba tukuna. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a rubuta masa baƙi ɗaya daga tsakiya a ƙasa, a ce ya faɗi sunansa. Sau da yawa sai ya koma farkon waƙar, ya bi ta har ya zo inda ya ke tsammani.

Mai gardama zai ce, ai haka a ke yi a makarantar allo tun kaka da kakanni, ba a kuwa ce ta cuci kowa ba. Maganar nan ta cancanci a tsaya a kanta, musamman a ƙasar Gumel. Sarautar Gumel ta Mangawa ce, kuma a zamanin dā Barno ta ke bi, ƙasar da kowa ya sani da hardar Alƙur'ani, har ya zama in an ce almajiri ya tafi gabas an san abin da ya je nema. Saboda haka tsangaya ba baƙuwa ba ce a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta riga makarantar boko zama da ɗaruruwan shekaru, tana kuwa da tsari wanda wanda bai zauna cikinta ba ba zai gane hikimarsa ba. Kolo ba ya fara da alƙalami. Da kunne ya ke farawa, malam ko gardi na biya masa Fatiha da gajerun surori yana maimaitawa, har bakinsa ya faɗa. Sa'an nan a shiga babbaƙu, a nuna masa baƙaƙe tsirara ba wasali. Daga nan farfaru, a ɗora wasula. Sai bayan wannan ya fara haɗa su yana fid da kalma da kansa, ya kai ga rubuta allonsa da hannunsa.

Akwai wani abu cikin tsarin nan da ba a cika lura da shi ba. Malaman dā ba su bar baƙaƙen Larabci da sunayensu na Larabci kaɗai ba, sai da suka raɗa musu sunaye na gida: ba guje, ha kuri, ɗa mai hannu, mim jaye, lam ara. Yaro ya san guje, ya san kuri, ya san hannu, saboda haka da ya ga siffar baƙin sai sunan ya kama shi. Ashe tun ba yau ba masu tsangaya suka gane cewa da abin da yaro ya sani a ke kai shi ga abin da bai sani ba. Daga baƙaƙen nan ne kuma ajami ya fito, har manomi da falke suka iya rubuta wa juna wasiƙa da Hausa tun Turawa ba su zo ba.

Bayan wannan, makarantar allo ba ta taɓa yaudarar kowa game da ma'ana ba. Manufarta ita ce yaro ya sami abin da zai yi salla da shi, Littafin kuma ya zauna a ƙirji ba tare da an canja ko wasali ɗaya ba. Karanta shi ibada ne ko an ji ma'ana ko ba a ji ba, ma'anar kuwa an ajiye ta a zauren malamin ilmi, ga wanda ya sauke ya nemi ƙari. Ko da haka, malamai sun daɗe suna muhawara a kan jerin. Ibn Khaldun, cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya kwatanta mutanen Magrib, waɗanda ke tsare yaro ga Alƙur'ani kaɗai, da mutanen Andalus, waɗanda ke haɗa masa da waƙa da rubutu da ƙa'idodin harshe. Ya kuma kawo ra'ayin Alƙali Abubakar ibn al-Arabi cewa a fara da harshe da lissafi kafin Littafi, ya yaba da ra'ayin, amma ya nuna al'ada ba za ta yarda ba, don iyaye na tsoron yaro ya girma ya kuɓuce bai sami albarkar Alƙur'ani ba. Shi ne kuma ya keɓe babi guda a kan cewa tsanantawa na lalata ɗalibi, tana koya masa ƙarya da ragonci. Mai riƙe da dorina a kan ɗan shekara biyar, ko a tsangaya ya ke ko a aji, ya kamata ya san babin nan da zamansa.

Nazare ba ta da wannan mafaka. Ba a rera Turanci don neman lada. Kayan aiki ne, kamar fartanya, amfaninsa duka yana cikin a ji abin da aka faɗa, a kuma iya mai da amsa. Yaron da ya yi shekara biyu yana amsa amon malama bai san abin da ya ke faɗi ba, bai tara kome ba sai sabo da cewa makaranta wuri ne da a ke faɗin abin da ba a gane ba. Sabon nan kuwa ya fi jahilci wuyar magani, don shi ke bin yaro har aji shida, ya riƙa kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, in an ce ya karanta ya sunkuyar da kai.

Amma fa uban yaron ba wawa ba ne, kuma rashin adalci ne a ɗauke shi haka. Ya duba ya ga da Turanci a ke jarrabawar fita sakandare, da shi a ke shiga jami'a, da shi a ke cika takardar neman aiki, da shi likita ke rubuta magani. Ya ga manyan da ke hawa mumbari suna yabon harshen uwa, 'ya'yansu na makarantun kuɗi na Kano da Abuja inda a ke hukunta yaro in ya yi Hausa. Sai ya ce a ransa, watau 'ya'yan talaka ne za su tsare harshe, na masu hali su tsare kujeru? Ya kuma ji tun yana yaro cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In Turanci ne ƙofar, me zai sa ya jinkirta wa ɗansa? Ita kanta gwamnati ba ta taimake shi da tsayayyar magana ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan yara da harshen gida ko harshen da jama'ar wurin ke yi, a farkon firamare. A 2022 aka ce a kai shi har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an soke wannan, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage. Wanda ya ga magana ta juya haka cikin shekara uku, ba a zarge shi in ya bi abin da idonsa ya nuna masa.

Burin uban daidai ne. Inda ya yi kuskure shi ne tsammanin hanyar da ta fi miƙewa ita ce ta fi kusa. Iya karatu abu ne da mutum ke koya sau ɗaya tak a rayuwarsa. Ran da yaro ya gane cewa zanen nan na kan takarda magana ce aka daskarar, cewa b da a in sun haɗu sun zama ba, in an maimaita sun zama baba, to ya haye, ba zai sake haye wannan kogin ba ko da harshe goma zai koya daga baya. Ganewar nan kuwa ta fi saurin zuwa in kalmar da ta fito daga baƙaƙen kalma ce da ya sani, don a nan ne zai yi dariya ya ce, "Inna, ga sunan Baba!" Wanda ya haɗa baƙaƙe ya fid da kalmar da bai taɓa ji ba, ba shi da yadda zai san ko ya yi daidai.

Daɗin daɗawa, rubutun Hausa na boko mai sauƙin hali ne. Kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya, wasula biyar ne, gaɓoɓin kalma gajeru. Ko da ya ke ba a nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutu, mai jin harshen ya kan cike wannan da kansa. Turanci kuwa ko ga 'ya'yan masu shi wahala ne. A 2003 aka buga wani bincike da ya gwada yaran ajin farko cikin harsunan Turai 13. Yaran da rubutun harshensu ke bin sauti sosai, kamar na Finlan da Italiya da Girka, kafin shekara ta ƙare suna karanta kusan duk kalmar da aka ba su. Masu Turanci kuwa, waɗanda da shi aka yi musu reno, wajen kashi ɗaya cikin uku kaɗai suka iya. In haka ta faru ga wanda ya sha Turanci a nono, ina ga ɗan Gagarawa wanda bai taɓa jinsa ba sai a bakin malama, ita ma malamar ba da shi ta ke cefane ba?

An gwada abin a ƙasar nan ma. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran fannoni kuma sun fi su. A tsallaken iyaka, a Damagaram, an buɗe makarantar gwaji a 1973 inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci, kuma auna su da aka yi daga baya ya nuna sun fi waɗanda aka fara wa da Faransanci zalla. Sai dai gaskiya ta wajaba a nan. A Ife an horad da malaman musamman, an rubuta littattafai sababbi, an kuma ba Turanci malamin da ya ƙware. Ba harshen kaɗai ya yi aikin ba. Shaida kuwa ita ce gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi a Sakkwato da Bauci daga 2011, inda aka tarad da mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Harshen uwa a aji mai yara ɗari, ba littafi, ba malamin da aka koya wa yadda a ke koyad da baƙi, shi ma ba ya haifad da kome. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, manya sun koyi karatun Hausa cikin 'yan watanni, amma sun iske Gaskiya Ta Fi Kwabo da ƙananan littattafan Zariya suna jiransu. Yau kasuwannin Kano cike su ke da littattafan soyayya na manya, littafin ɗan shekara huɗu mai manyan hotuna da Hausa kuwa sai an tona.

Har yanzu dai maganar ba ta kai tushe ba, domin ɗan shekara uku ko huɗu ba baƙi ne babbar bukatarsa ba. A Finlan ɗin da aka ambata sai yaro ya shekara bakwai a ke fara masa karatu sosai, ba su kuwa yi asara ba. Abin da yaro ke tarawa kafin nan kalmomi ne, da iya bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da kunnen da ke rarrabe sauti, da ƙarfin halin yin tambaya. Waɗannan su ne jarin da zai shiga aji da shi. Wanda ya san kalma dubu, ran da ya iya haɗa baƙi, kalma dubu ya iya karantawa. Wa ke ba da jarin nan? Yawanci matar da aka saba kira jahila. Tatsuniyar dare na koya wa yaro cewa labari na da farko da tsakiya da ƙarshe, da cewa abin da Gizo ya shuka shi zai girba. Kacici-kacici na koya masa kalma na iya nufin abin da ba ta faɗa ba. Maganganun karya harshe da yara ke gasa da su a dandali, su ne ke wasa kunne har ya raba k da ƙ, ya raba d da ɗ, abin da malamin aji ɗaya zai sha wuya a kansa in ba a zo da shi daga gida ba. Uwar da ke surfe tana gaya wa ɗanta sunan turmi da taɓarya da faifai da dusa, tana tambayarsa kaji nawa suka shigo, makaranta ta buɗe ba ta sani ba.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen wasu yara matalauta da yunwa ta tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara biyu. Ba su kai allo ko alli ba. Uwaye suka nuna wa yadda za su yi wasa da 'ya'yansu, su yi ta yi musu magana, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara ishirin aka bi sawun yaran, aka tarad da abin da su ke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Labarin nan ya shafi Jigawa kai tsaye, don binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba.

Akwai al'adar da ke tsaye a hanya, ba kuwa mummuna ba ce a asalinta. Kunyar ɗan fari ta kan hana uwa kiran sunansa, balle ta zauna hira da shi a gaban mutane. Uba kuma ya kan ga zama da ƙaramin yaro ana surutu zubad da girma ne, yaro mai yawan tambaya a ce masa fitinanne. A gidan gandu na dā wannan bai yi ɓarna ba, don akwai kaka da ke wasa da jika tana kiransa mijinta, akwai goggo da inna da yayye. Sa'ad da gidaje suka rarrabu, kowa ya ware da matarsa, kunyar ta zauna, kakar kuwa tana wani gari, sai wayar hannu ta maye gurbinta. Waya na magana, amma ba ta jiran amsa, ba ta kuma gyara wa yaro in ya yi tuntuɓen harshe. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane cewa ilmin gida a hannun mata ya ke, shi ya sa ta naɗa jajis suna zaga ƙauyuka da waƙoƙin koyarwa cikin harshen da matan ke ji. Uban da ke da kuɗin nazare na wata uku, da zai rage wani abu ya sa matarsa ajin manya, ya sayo ɗan littafin Hausa ta riƙa karanta wa yaran da dare, da ya fi kusa da Turancin da ya ke nema. Turancin ma ba a ce a rufe masa ƙofa ba. A fara shi da baki, da gaisuwa da wasa da sunayen abubuwa, a bar baƙaƙensa sai yaro ya iya na harshensa.

Saura wani yaro da hujjar nan ta kan manta da shi. A rugagen da ke kewaye da Maigatari da Sule Tankarkar akwai ɗan shekara biyar da Fulatanci kaɗai ya ke ji sosai. In aka kawo shi aji aka ce za a yi masa alheri da Hausa, an yi masa abin da aka yi wa ɗan dillali da Turanci, sai dai nasa ya fi sauƙi, don yana jin Hausa a kasuwa da bakin rijiya, ran da ya bi innarsa tallan nono. Bahaushen da ya yi kukan an danne harshensa, ba shi da bakin cewa na Bafillace ba kome. An kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989 saboda irin yaran nan, dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kuma ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin gwamnati, daga baya aka ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Amma doka ba ta jin Fulatanci. Sai an sami 'yar rugar da ta yi karatu, ta shiga Kwalejin Ilmi ta Gumel ta koyi renon ƙananan yara, sa'an nan masu raba malamai su tura ta makarantar da ke kusa da rugarsu, maimakon su aika ta cikin gari inda kowa Hausa ya ke yi.